Rediyon oba-oba a motar shiga daji: Abin da jami'i zai duba kafin ya sa hannu

A ranar 3 ga Satumban 2021 ne Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya da su rufe layukansu a faɗin Jihar Zamfara, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, domin jami'an tsaro su samu sararin farautar 'yan bindiga. Mako biyu aka ambata da farko. Kafin watan ya ƙare an ɗauke sabis a ƙananan hukumomi 13 na Katsina da 14 na Sakkwato, wasu sassan Kaduna suka bi sahu, kuma akwai yankunan Zamfara da suka haura wata biyu wayar hannu ba ta da wani amfani in ban da haska hanya da dare. Mutanen Borno da Yobe da Adamawa sun riga su ɗanɗana irin wannan a 2013, bayan dokar ta-ɓacin da Shugaba Goodluck Jonathan ya ayyana a watan Mayu. A Borno ma har wayar tauraron ɗan'adam ta Thuraya sai da sojoji suka haramta a watan Yunin shekarar.

Aikin gwamnati bai tsaya don an rufe layi ba. Masu allurar rigakafi, da masu raba kayan agaji, da injiniyoyin duba hanya da madatsun ruwa, da hadiman da ake turawa su share fage kafin mai gida ya iso, duk sun ci gaba da shiga ƙauyuka a motoci ƙirar Hilux da Land Cruiser. Ko a yau da layukan ke buɗe, wanda ya taɓa hawan Mambila zuwa Gembu, ko ya ratsa rairayin Yusufari, ya san akwai doguwar tafiyar da waya ba ta nuna ko sanda ɗaya. A irin waɗannan wurare, abin da ya rage tsakanin mota da sauran duniya shi ne rediyon nan na magana da amsawa, wanda jama'a suka laƙaba wa suna oba-oba.

Sayen sa ba shi da wuya. A takardar kwangila akan rubuta sunan kamfani da farashi da ƙarfin na'urar, sai a bar ɗaurin ga duk mai wayarin ɗin da ya fi kusa. Sakamakon shi ne rediyon da ke magana ras a farfajiyar ofis, ana wuce Zuba ya yi gum. Akasari kuma akwatin lafiyarsa ƙalau. Ɓarnar tana ga eriya, da wayar da ta haɗa ta da akwatin, da inda aka jawo wuta. Jami'in da zai sa hannu a takardar kammala aiki ba sai ya zama injiniya ba kafin ya gane waɗannan ukun.

Zaɓen zango kafin zaɓen kamfani

Duk mai sauraron tashoshin FM a mota ya san yadda murya ke dusashewa idan an yi nisa da gari. Tashoshin suna tsakanin megahaz 88 zuwa 108 ne, a cikin rukunin da ake kira VHF, kuma yawancin oba-oban mota suna aiki sama da su kaɗan, tsakanin 136 zuwa 174. Halinsu ɗaya: sigina tana tafiya miƙe kamar hasken tocila, ba ta bin lanƙwasar ƙasa sai kaɗan. Eriyar da ke da tsayin mita 2 daga ƙasa tana hango kusan kilomita 6 ne kawai, don haka motoci biyu a fili fetal za su ji juna a tazarar kilomita 12 ko kusa da haka. Idan dutse irin Zuma ya shiga tsakani, ko hanya ta gangara kwari, lissafin ya ragu nan take. Abin da ke tsawaita nisan shi ne na'urar da ake kafawa a kan dogon ƙarfe ko tsauni, ta karɓi magana ta sake cilla ta. A kan ƙarfe mai tsayin mita 30 tana iya kai mota da ke kilomita 28. A kan tsaunin da ya ɗara kewayensa da mita 300, nisan ya haura kilomita 70.

Nan ne 'yan kasuwa ke cin kasuwarsu. Za a ce wannan mai wat 25 ne, wancan mai wat 50, a bar mai saye ya ɗauka na biyun zai ninka nisan na farko. Ba ya ninkawa. Ƙarin ƙarfi yana gyara muryar da ke zuwa da shashshaka a bakin iyaka, amma ba ya huda dutse. Ɗaga eriya sama da mita ɗaya kan yi abin da ninka wat bai yi ba.

Rukunin UHF, wanda na mota ke tsakanin megahaz 400 zuwa 470, ya fi dacewa da cikin gari, inda sigina ke karo da gine-gine tana kurɗawa, kuma eriyarsa gajeriya ce. Ga kwambar da ba ta fita Abuja ya wadatar. A dajin da ganye ya yi duhu kuwa, VHF ya fi shi juriya.

Na uku shi ne HF, kuma duk wanda ya tashi a gidan da ake kama BBC ko Muryar Amurka ko Jamus a gajeren zango ya riga ya san shi. Siginarsa tana hawa sama ta bugi wani sashe na sararin samaniya ta dawo ƙasa a wuri mai nisa, shi ya sa mota a Monguno za ta iya magana da ofis a Abuja ba tare da ƙarfen kowa a tsakani ba. Ita ce jibgegiyar eriyar nan mai kauri daga gindi da ake gani a gaban fararen motocin Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyoyin agaji a Maiduguri, mafi yawa ƙirar Codan ko Barrett, kamfanoni biyu na ƙasar Ostareliya, inda nisan daji ya tilasta musu ƙwarewa. Yana da nasa halin: zangon da ya yi aiki da hantsi ba lallai ya yi bayan isha ba, kamar dai yadda gidajen rediyon ƙetare ke sauya mita tsakanin shirin safe da na dare. Yakan kuma tsallake wanda ke kusa ya isa ga na nesa. Saboda haka motar da ke aikin daji da gaske takan ɗauki biyu: VHF don 'yan tawaga, HF don hedikwata.

Rufin mota rabin eriya ne

Tsayin eriya ba ado ba ne, lissafi ne. Idan mai shela ya ce a kama shi a kan mita 49, tsawon zangon siginar yake faɗa, kuma eriya mafi sauƙi takan zama rubu'in wannan tsawon. A megahaz 150 tsawon zango mita 2 ne, rubu'insa santimita 50. A megahaz 450 eriyar ba ta wuce santimita 17 ba. A gajeren zango irin na mita 49 kuwa rubu'in ya haura mita 10, abin da babu motar da za ta ɗauka, shi ya sa ake cusa naɗaɗɗiyar waya da ɗan inji a cikin kaurin gindin eriyar HF, su riƙa daidaita ta da kansu duk lokacin da aka sauya tasha. Ma'anar wannan ga mai karɓar aiki ita ce, eriyar da aka ciro daga wata mota ko aka saya don ta fi tsayi da kwarjini ba lallai ta dace da lambar da aka ba ma'aikatarsa ba. Sai an yanke ta daidai da lambar.

Sandar da ido ke gani kuma rabin eriyar ce kawai. Ɗaya rabin shi ne faffaɗan ƙarfen da take tsaye a kai. Shi ya sa babu wurin da ya kai tsakiyar rufin mota: ya fi ko'ina tsayi, kuma ƙarfe ya kewaye ta ta kowace fuska, sai sigina ta bazu daidai gabas da yamma. Idan aka kafa ta a gefen bonet ko a kusurwar bayan a-kori-kura, siginar takan karkata wajen da ƙarfe ya fi yawa, jikin motar kuma ya tare wani ɓangare. Direba zai ji na gabansa tangaram, na bayansa kuwa sai an yi ta maimaitawa.

Sai dai kafa ta a tsakiyar rufi yana nufin huda rami mai faɗin milimita 19, kuma a nan ake samun cikas. Motar gwamnati tana cikin rajista, jami'in sufuri ba ya son a ce a hannunsa aka huda sabuwar mota, wani kuma tuni yana hangen ranar da za a yi gwanjonta. Sai a koma ga eriya mai gindin maganaɗisu, wadda ake mannawa a cire. Tana da amfaninta ga motar haya ko tafiyar kwana biyu. Amma a hanyar burji mai gargada takan ja jiki, reshe ɗaya ya isa ya tuntsurar da ita, ƙurar da ta shige ƙarƙashinta ta goge fenti fiye da yadda ramin zai ɓata, wayarta kuma dole ta bi ta bakin ƙofa inda ake matse ta sau ashirin a rana har ta karye daga ciki. A ganina, ma'aikatar da ta iya sayen mota ta miliyoyin naira don shiga daji ta iya rubuta izinin huda rami ɗaya mai zoben roba da ke hana ruwa.

Inda rufin ba ya huduwa da gaske, ko an ɗora masa kariyar kaya, ko murfin bayan motar na roba ne, akwai eriya mai rabin zango wadda ba ta dogara da ƙarfen ƙarƙashinta. Ita ake ɗaurawa a kan ƙarfen gadin gaba ko gefen kariya, da sharaɗin sandarta ta ɗara rufin. Eriyar HF, saboda nauyinta, dama a gaba ko a baya take zama, kuma tana buƙatar a haɗa gindinta da gangar motar da faffaɗar waya gajeriya, a kankare fenti har ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Fenti da tsatsa ba sa wuce wuta.

Akwai kuma batun da masu sayarwa ke kira ƙarfin eriya. Doguwar eriya mai ƙarfi ba ta ƙirƙirar wuta, matse sigina take yi ta zama kamar faifai, ta miƙe nesa a kwance. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta arewacin Yobe da Jigawa wannan riba ce. A hawan Mambila ko duwatsun Filato, inda mota ke karkace ɗaya tana sama ɗaya tana kwari, faifan yakan wuce ta saman kan wanda ake nema. Can gajeriyar eriya mai rubu'in zango, wadda ke watsa sigina kamar ƙwarya, ta fi amfani, ga shi ba ta karo da rassa. Hukumar da motocinta ke zuwa wuraren biyu ta sayi duka, tunda gindinsu ɗaya ne, murɗawa kawai ake yi. Kowacce aka zaɓa, a sa mata sifirin a gindi don ta lanƙwasa ta dawo. Direba kuma ya san tsayin motarsa da eriya, saboda wayoyin lantarkin ƙauye da na cikin kasuwa sukan yi ƙasa sosai.

Wayar da ke tsakanin eriya da akwati ita ce aka fi yi wa ha'inci, don tana ɓoye a ƙarƙashin silin da kafet. Ta oba-oba mai om 50 ce, irin wadda ake kira RG-58. Wayar dish da ta talabijin mai om 75 ce, ta fi araha, ta fi samuwa, a ido kuma kusan ɗaya suke. A duba rubutun jikinta. Ko ta ainihin ma tana shan ƙarfi: mita 5 na RG-58 kan cinye kusan kashi ɗaya cikin biyar a VHF, kusan ɗaya cikin uku a UHF, don haka ba a barin ragowa a naɗe kamar gammo a ƙarƙashin kujera. Kada ta bi kusa da wayoyin ƙwaƙwalwar mota ko na jakar iskar kariya. Mahaɗarta ta waje kuma a naɗe ta da tef mai hana ruwa, domin ruwan damina ko na wankin mota idan ya shiga cikin wayar ba ya fita, sai dai rediyon ya riƙa raguwa a hankali har a ce ya tsufa.

Daga batir kai tsaye

Rediyo mai wat 50 yana jan amfiya 10 ko fiye duk lokacin da aka danna makirfo. Na HF yana iya haura 20. Soket ɗin kunna sigari da siririyar wayarsa ba don wannan aka yi su ba. Wuta takan faɗi, murya ta shaƙe, wani lokaci rediyon ya mutu ya sake kunna kansa a tsakiyar magana. Ƙa'ida ita ce a jawo waya mai kauri daga kan batir, a sa fis dab da batir ɗin, tazarar da ba ta wuce kamu ɗaya ko biyu ba. Fis ɗin da ke can kusa da akwati yana kare rediyo ne kawai. Idan wayar ta goge a jikin ƙarfe tsakaninsa da batir, babu abin da zai tsayar da wutar sai gobara. Inda wayar za ta ratsa bangon da ya raba inji da mazaunin direba, dole ta bi ta cikin zoben roba, saboda girgizar hanyar daji tana mayar da bakin ƙarfe wuƙa.

Motocin zamani da dama suna da 'yar na'ura a kan baƙin kan batir mai auna wutar da ke shiga da fita. A irinsu ana ɗaure baƙar wayar rediyo ne a jikin gangar mota, kusa da inda wayar batir ta sauka, don kada a tsallake na'urar. Manyan motoci da wasu tsofaffin Land Cruiser masu dizal kuwa bolt 24 suke amfani da shi, rediyo kuma na bolt 12 ne. Sai an sa na'urar rage wuta, in ba haka ba ranar ɗauri ita ce ranar jana'izarsa.

Abu ɗaya da ake mantawa: rediyon da aka bari a kunne yana sauraro yana jan kusan rabin amfiya ko fiye. Daga tashi aiki ƙarfe 4 na yammacin Juma'a zuwa 8 na safiyar Litinin awa 64 ne, kuma wannan ya isa ya sa a fara mako da turin mota. Yawancin rediyoyin aiki suna da wayar da ake haɗawa da makulli don su mutu tare da inji. Motar da ke kwana a daji tana sauraro kuwa, batir na biyu ya kamace ta, da na'urar da ke raba shi da na tayar da inji.

Akwatin kansa ba ya son saman dashbod, inda ranar Afrilu ke dafa roba, kuma yawancin irinsa an ƙayyade musu zafin da bai wuce digiri 60 ba. Ba ya son gaban jakar iska, wadda idan ta fashe za ta harbo shi kamar dutse. Ƙarƙashin kujera yana da inuwa, amma motar da ke tsallaka rafi da damina nan ruwa ke fara kwantawa, ƙurar hunturu ma nan take taruwa ta toshe masa iska. Masu fuskar da ake cirewa sun fi sauƙi: a ɗaure gangar jikin a bayan kujera sama da ƙasa, fuskar da makirfo su zauna inda hannun direba zai kai ba tare da ya ɗauke ido daga hanya ba. Da noti ake ɗaure shi, ba da igiyar roba ba.

Gwaji biyu kafin biro ya taɓa takarda

Na farko ana yin sa ne da 'yar na'urar awo da ake sakawa tsakanin rediyo da wayar eriya, wadda ke nuna lambar da ake kira SWR. Abin da take aunawa shi ne yawan ƙarfin da eriya ta ƙi karɓa ta mayar wa rediyo. Idan ta nuna 1.5, kashi 4 cikin 100 ne ke dawowa, aiki ya yi kyau. A 2, kashi 11 ne, a nemi dalili. A 3, rubu'in ƙarfin gaba ɗaya yana komawa ciki ya zama zafi, rediyon ya rage ƙarfinsa don kare kansa ko ya ƙone a hankali. Ana awon ne a fili, nesa da gini da sauran motoci, ƙofofi a rufe, a kan tashoshin da za a yi aiki da su. Mai ɗaurin da ya zo babu wannan na'ura a jakarsa ya riga ya faɗi matsayinsa. A sa ya rubuta lambar da ya samu a takardar miƙa aiki, mota bayan mota.

Na biyu shi ne a fita da motar. A bar mutum a ofis, a kama hanyar Kaduna ko ta Lokoja, ana kira duk bayan kilomita biyu ana rubuta inda murya ta fara yankewa. A yi shi inji na aiki, na'urar sanyaya mota a kunne, fitilun rufi da jiniya duk a kunne. Fitilun LED masu araha da cajar waya ta bakin titi sun shahara wajen zuba ƙara a cikin rediyo, har ta danne muryar da ke zuwa daga nesa, kuma ba a gane haka idan mota na tsaye a kashe. Kukan da ke hawa da sauka tare da totur kuwa daga altaneta yake, alamar an jawo wuta ta inda bai dace ba.

Lasisi da linzamin harshe

Sararin da sigina ke bi dukiyar ƙasa ce mai ƙa'ida. Dokar Sadarwa ta 2003 ta kafa majalisar da ke raba zangon rediyo tsakanin hukumomi: NCC na kula da na kamfanonin sadarwa, NBC na gidajen rediyo da talabijin, Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya kuma ita ke ba hukumomin gwamnati da masu amfanin da ba na kasuwanci ba lambobinsu. Lambar mota ta gwamnati ba lasisi ba ce. Rediyon da aka saya aka bar shi a kan lambobin da ya zo da su daga masana'anta yana iya faɗawa kan layin wata hukumar tsaro, kuma bayanin hakan a shingen sojoji ba abu ne mai daɗi ba. Kwafin takardar izini ya zauna a cikin motar.

Sannan oba-oba dandali ne. Duk mai ƙaramin rediyon hannu irin Baofeng, wanda kuɗinsa bai kai na wayar salula mai kyau ba, zai iya laluben tasha ya saurara, kuma ba ma'aikata kaɗai ke riƙe da irinsa a daji ba. Lambobin da ake tallatawa da sunan na sirri suna hana ka jin wasu ne kawai, ba sa hana wasu jin ka. Sirri na gaskiya sai a rediyon dijital da aka kulle maganarsa da mabuɗi. Inda babu shi, ba a ambaton sunan mai gida, ko hanyar da za a bi, ko lokacin tashi, ko abin da aka ɗauko. Kowace mota da kowane zango a ba su laƙabin da aka amince da shi tun a ofis. Ba a danna makirfo a gidan mai ko kusa da inda ake fasa dutse da nakiya, kuma kada kowa ya riƙe eriyar HF ana magana, tana ƙuna.

Ƙungiyoyin agaji da ke aiki a Arewa maso Gabas suna da ɗakin rediyo mai mutum a zaune muddin akwai motarsu a hanya. Direba yakan kira kafin ya tashi, ya faɗi adadin mutanen da ke ciki, ya sake kira a wuraren da aka ƙayyade, ya kuma sanar da isarsa. Idan lokacin kira ya wuce ba a ji shi ba, ɗakin ne ke nemansa, kuma idan shirun ya zarce wa'adin da aka tsara, daga wurin da ya ambata na ƙarshe ake fara bin sawu.